Targaɗe a idon sawu: ƙanƙara ko gashi da ruwan zafi?

Tunda na yi targaɗe a filin ƙwallo ake ta tambayata wai wanne ya fi, to ga abin da na sani.

Ruwan zafi ba ya cin kuɗi, murhu da tsumma kawai, ita kuwa ƙanƙara in babu wuta sai ka aika yaro ya siyo, kafin ya iso rabi ta narke. Amma fa a kwana 2 zuwa 3 na farko zafi buɗe jijiyoyin jini yake, kumburi ya ƙaru, musamman in aka haɗa da murza irin ta Iya. Ƙanƙara rage raɗaɗi take, ka naɗe ta a tawul ka ɗora a wurin minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 2 ko 3, ƙafa a kan filo. Kar a ɗora ƙanƙarar kai tsaye, tana ƙona fata wallahi. Mai ciwon suga ya yi hattara da duka biyun.

Sabon targaɗe mai kumburi, ƙanƙara. Wanda kumburi ya sace amma ƙafar ta sage, gashi zai taimaka masa kafin motsa ta. Wanda ko taku 4 ya kasa yi kuwa, asibiti zai je a ɗauki hoto, ƙila tsagewar ƙashi ce.