Wasiƙa zuwa ga Kawu daga gandun itatuwan Washinton

Kawu, ina gaisuwa. Ya garka, ya ruwan Gulbi bana? A gaida Inna da yara.

Asabar ɗin da ta wuce muka je gandun itatuwa na gwamnati a Washinton, ni da abokaina biyu, ɗan Tibiri da ɗan Damagaram. Tun daga ƙofa kuka faɗo mini a rai. Wurin na ma'aikatar noma ne, a 1927 aka kafa shi, faɗinsa kusan hekta 180. Shiga kyauta, ajiye mota kyauta. Har sau biyu na tambaya, don a ƙasar nan ko inuwa ka ce za ka zauna sai ka shafa aljihu.

Itatuwan an maƙala masu ɗan ƙarfe ɗauke da suna da asalinsu, kamar katin ɗan ƙasa. Ciyawa a aske, bayan gida tsaf, ga famfon sha. Akwai wasu ginshiƙan dutse 22 da aka ciro daga ginin majalisarsu aka kafa a fili, nan mutane ke ta hoto. Mu ba mu daɗe ba.

Inda muka ɓata lokaci shi ne wajen bonsai, itatuwan da Japanawa ke renonsu a cikin kasko. Ana datse saiwa, ana ɗaure reshe da waya, itace ya tsufa amma bai fi akuya tsayi ba. Akwai wanda ake reno tun 1625. Yana Hiroshima aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, bai mutu ba, a 1976 mai shi ya bai wa Amurka kyauta. Na sunkuya na duba ɓawonsa, duk ya tsattsage kamar dugadugan manomi da hunturu. Ɗan Damagaram ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Shekara ɗari huɗu ana ba shi ruwa, ko akuya bai taɓa ciyarwa ba." Muka yi ta dariya. Amma ni datsar nan ta tuna mini sassaben zamani, yadda kuke barin tohon kalgo da gawo a gona kuna rage masu rassa. Hannun ɗaya ne, Kawu. Su kallo suke nema, ku kuwa itacen girki da taki.

A lambun kayan ƙamshi na ga na'ana'a da barkono iri-iri, jajir. Hannuna ya kai kenan ɗan Tibiri ya buge shi. Ba a tsinka, ko ganye ɗaya. Na tuna garkarku, inda mai wucewa ba ya fita sai an cika masa hula da tumatir.

A hanyar komawa muka tsaya wani kanti, na ga garin zogale a 'yar leda, bai cika gwangwanin madara biyu ba, dalar Amurka 15. Ya haura jaka takwas na sefa kenan. Da kuɗin nan a Jiratawa sai an taya ni ɗauka. Na saya, ban ɓoye muku ba, kuma ɗanɗanon kamar ƙaiƙayi.

Don Allah in kun sami mai tahowa, a shanya mini zogale a inuwa, a haɗo da kuka da daddawa. Inna ta ɗaure daddawar a leda uku.