Zaman ido da ido ko na salula: wanne ya fi wa mai son barin giya a Yamai?

Ɗan'uwa, ka ce ka sha tuba kana komawa, yanzu kana neman inda masu fama da giya ke zama su ƙarfafi juna, kuma ka rasa na zaɓe tsakanin neman zama a nan Yamai da shiga na intanet. Allah ya dafa maka.

Tushensu ɗaya ne. A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya biyu, Bill W. da likita Bob, suka lura cewa hira da wanda ya san ƙishin kwalba tana riƙe su fiye da faɗan iyali. Daga nan ƙungiyar masu son barin giya ta AA ta samo asali, wadda masu Faransanci ke kira Alcooliques Anonymes. Sharaɗin shiga ɗaya ne: kana son daina sha. Ba kuɗin rajista, sunanka na farko ya isa, kowa ya faɗi nasa ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. In ka ga dama ka yi shiru har a tashi.

Na intanet ya fi saurin samuwa. Rubuta sunan ƙungiyar da Faransanci a Google, za ka ga jadawalin zaman Zoom na kowace rana. Ka rufe kamara, ba wanda ya san ɗan Boukoki ne kai ko ɗan Talladjé. Sai dai yana cin forfe, rezo na iya yankewa ana tsakiyar magana, kuma lokacin Faransa yake bi: da sanyi agogonmu ɗaya da nasu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa suna gabanmu da awa guda, zaman ƙarfe 8 na darensu sai ya faɗo maka ƙarfe 7, wajen magariba. Ga matsalar wuri. A gidan yawa, ina za ka zauna ka ce "ni mashayi ne" ba tare da ƙanenka ya ji ta taga ba? Sannan mutumin Lyon ta Faransa zai ba da labarin giyar da ake ajiyewa kan teburin abinci. Bai san taunar goro don kashe wari ba, bai san tsayuwa a sahun ƙarshe don kada na kusa ya shaƙi numfashinka ba.

Na ido da ido sai an sha wuyar nema, domin ba mai kafa masa allo a bakin titi. Ka fara da ma'aikacin lafiya na CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa, ka tambaye su ko sun san wasu da suka daina sha da za a haɗa ku. Mutanenmu na gudun sashen nan kada a ce sun zautu, alhali kula da masu shaye-shaye na cikin aikin sashen na kullum. In ba ka tarar da zama a kafe ba, ƙa'idar AA ta ce ko mutum biyu ko uku suka haɗu don barin sha, sun zama ƙungiya. Benci ne da butar shayi, kamar kowace fada, amma kada ku yi shi a tsohuwar fadarka inda ake aika yaro sayo kwalba.

Abin tsoron a nan sirri ne, kuma tsoron na da hujja. Yamai duk girmanta, kana iya shiga ka tarar da maƙwabcin surukinka. To shi ma abin da ya kawo ka ne ya kawo shi, kowa na riƙe da asirin wani. Ribar kuwa salula ba ta ba da ita: mutumin da ya san ranar da albashi ke faɗowa, ya ga ba ka zo ba, ya hau babur ya ƙwanƙwasa maka ƙofa kafin ka karya kwanar mashaya. A 2020 masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, sun tattara bincike 27, suka ga tsarin AA ya fi wasu hanyoyin ba da shawara wajen sa mutum ya daina sha ɗungurungum, kuma an yi binciken nan ne tun kafin korona ta kora zaman zuwa intanet.

Batun addini kada ya dame ka. AA na cewa ka dogara ga ikon da ya fi naka, kowa yadda ya fahimta. Kai ka ce Allah.

In da ni ne, yau da dare zan shiga na salula in saurara, gobe da safe in fara neman na ido da ido, shi zan ɗora wa nauyi.

Amma in kullum kake sha, har hannunka na rawa da safe sai ka kurɓa, kada ka yanke lokaci guda kai kaɗai. Jijjiga irin ta farfaɗiya kan zo cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane daga kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma suna kisa. Likita ne zai ba ka diazepam a ƙa'ide da bitamin B1, ba mai tallar magani a tire ba. Ka je wurinsa kafin ranar da ka sa za ka ajiye kwalba.