Anschütz ko CZ 457: Ina Kuɗin Ke Tafiya?

A gasar harbin mita 50 ta Olamfik, faɗin da'irar maki goma milimita 10.4 ne kacal. A nan bindigar Anschütz, ƙirar garin Ulm na Jamus, take cin kuɗinta: da ɗan taɓi kunamarta ke tashi, kuma ana saita gindinta daidai kafaɗa da kuncin maharbi. Bindigar CZ 457 ta ƙasar Cek ba ta kai rabin farashin Anschütz ta gasa ba, amma a hannun ɗan koyo da ƙyar ake ganin bambanci.

Ni dai harsashi na fi dubawa. Duka biyun ƙaramin harsashi mai suna .22 LR suke ci, kuma CZ da aka gwada mata harsasan gasa irin su Eley Tenex ko Lapua har aka dace da wanda bututunta ke so, tana iya kayar da Anschütz mai cin harsashin araha.