Zotero ta fitar da ni kunya a daren da manazarta ta kusa sa ni kuka

Gaskiya ni ba mai yabon manhaja ba ce, amma wannan dole in faɗa. Saura kwana uku in miƙa kundin digirina na biyu malamin da ke duba ni ya dawo min da shi duk jan biro, wai manazartata, wato jerin littattafan da na dogara da su, salon Chicago ce, sashenmu kuma salon APA bugu na 7 suke so. Littattafai sun haura tamanin fa, ga madogara a cikin kowane babi, wallahi sai da na ji jiri.

Wata ƙawata ce tun farkon aikin ta matsa min na saka Zotero, manhajar da ke tsara madogara da manazarta, a kwamfuta, na riƙa zuba littattafai ciki ba don na yarda da ita ba, lambar ISBN da ke jikin littafi kawai nake bugawa ta jawo sunan marubuci da shekara da maɗaba'a. To a daren nan na buɗe Word na canza salo zuwa APA, ko minti ɗaya ba a yi ba komai ya juye, bayanan da ke ƙasan shafi suka koma cikin rubutu, suna da shekara a baka, jerin ƙarshe ya jeru daga A har ƙasa. Sai kuma gabana ya faɗi da na ga sunan garin da aka buga kowane littafi ya ɓace, na ɗauka ta lalata min aiki, ashe tun bugun 2019 APA suka daina sa garin, sunan maɗaba'a kaɗai ya isa. Haka littafin da mutum uku suka rubuta, sunan na farko da et al. (wato da sauransu) ake sawa tun daga ambaton farko. Ni duk ban san wannan ba.

Amma fa ban yi barci ba daren nan. Akwai littattafai wajen goma sha biyar da na kwaso bayanansu daga wani shafin intanet mai haɗa madogara, kuma har yanzu in na tuna raina ɓaci yake, wani an sa edita a matsayin marubuci, wani shekarar sake bugu aka sa kuma babu ko alamar bugu na nawa ne, wani babi guda na karanta amma aka shigar da shi kamar littafin gaba ɗaya ba lambar shafi. Abin da ka ba Zotero shi za ta fito maka da shi a tsare. Sai da na ɗauko littattafan ɗaya bayan ɗaya ina buɗe bayan shafin take ina gyarawa, ga taken Ingilishi da na shigar kowace kalma da babban harafi alhali APA farkon take da sunaye kawai take so.

Asuba ta same ni a kai. Da na mayar wa malamin, waƙafi biyu kawai ya zagaye a manazartar, ya sa hannu.