Batirin litiyam mai caji na AA da AAA: wanne ya kamata ka saya a Legas?

Kwanan nan duk shagon kayan wuta da ka leƙa, a Alaba ne ko Computer Village ta Ikeja, sai ka ji wani na tambayar batirin nan da ake soka wa wayar caji a jiki kamar waya. Mutane sun gaji ne kawai, ka sayi Tiger yau jibi tocila ta yi ja, ga danshin Legas da idan ka manta batir a cikin rimot wata biyu sai ka tarar ya yi ruwa ya cinye ƙarfen ciki. Toh amma kafin ka zaro kuɗi ka sani cewa abin da ake kira "mai caji" a girman AA galibi kala uku ne, kuma ɗaya daga ciki zai iya ƙona maka kaya.

Da wannan mai haɗarin zan fara saboda shi ya sa na zauna rubutu. Akwai batir da ake rubuta wa 14500 a jiki, tsayinsa da kaurinsa daidai da AA, ya shiga ramin rediyo tsaf, amma wutarsa 3.7V ce, idan ya cika caji ma 4.2V, alhali AA na gida 1.5V ne. Kawuna da ke gadi a Agege haka aka sayar masa da guda biyu a wani shago aka ce masa litiyam ne ba ya mutuwa, ya zuba a rediyonsa da ke son 3V sai ta sha sama da 8V, ko minti ɗaya ba a yi ba ta yi shiru. Da ya kira ni ya ce ɗana rediyon nan ta tafi, wallahi sai da raina ya ɓaci, don ita ce abokiyar hirarsa duk dare. Ƙaramin ɗan'uwansa na girman AAA lambarsa 10440, shi ma halinsu ɗaya. In ba tocilarka ce aka rubuta a jikinta ƙarara tana ɗaukar 14500 ba, ka ajiye shi.

Na biyu shi ne wanda ake rububi yanzu, litiyam mai 1.5V, wasu da ramin USB-C a jiki wasu kuma da cajarsu ta musamman. A cikinsa shi ma ƙaramin batir ne mai 3.7V, sai dai an haɗa shi da wani ɗan allo na lantarki da ke rage wutar ta dawo 1.5V cif, kuma haka zai riƙe ta tun daga farko har ya ƙare. Wannan shi ne daɗinsa. Makirfon masallaci mara waya, na'urar awon hawan jini, kofar da ake buɗewa da lamba, motar wasan yara, duk abin da ke fara ƙorafi da zarar wuta ta ɗan ragu, wannan batirin ya dace da shi. Ga shi ba nauyi, ba ya yoyo irin na Tiger, sannan da fawa banki ko ƙaramar sola za ka cika shi ko an ɗauke wuta, wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma masu shago ba za su gaya maka illarsa ba. Tunda wutarsa ba ta raguwa a hankali, alamar batir a jikin na'ura za ta yi ta nuna maka a cike yake har lokacin da zai yanke ɗif, kaga idan liman na tsakiyar huɗuba babu wani gargaɗi, don haka dole ka sayi saiti biyu ɗaya na aiki ɗaya na aljihu. Sai babbar matsalar da ta shafe mu mu masu jin rediyo: wannan ɗan allon da ke rage wuta yana fitar da ƙara da rediyo ke kamawa, musamman a gajeren zango da matsakaicin zango, sai ka ji shuuu a ƙarƙashin labarai. Wani kamfanin nasa ya fi wani tsabta, amma ni dai ba zan ba mai sauraron BBC Hausa ko DW shawarar ya sa shi a rediyo ba.

Ga rediyo kuwa, na ukun ya fi, wato NiMH, batirin nikel mai caji. Shi ba litiyam ba ne, wutarsa 1.2V, babu wani allo a ciki balle ƙara, kuma yana mutuwa ne a hankali ka ji murya na ja baya ka san lokacin caji ya yi. Sanannen cikinsu Eneloop ne, Sanyo ta fito da shi a 2005, yanzu yana hannun Panasonic, farin nasu na AA yana kusan 2000mAh (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa ne) kuma kamfanin na cewa zai ɗauki caji har sau 2100. Ko rabin haka ya yi ai ya biya kuɗinsa. Sai dai yana buƙatar caja daban, wasu na'urorin kuma suna ganin 1.2V su ce batir ya yi sanyi alhali yanzu ka cire shi daga caji. Kuma kada ka haɗa cajarsu, ta NiMH daban ta litiyam daban, sai in an rubuta a jikinta tana ɗaukar duka biyun.

Wajen lambobi ake cutar mutane sosai. Litiyam mai 1.5V yawanci mWh ake rubuta masa, wato mAh da aka ninka da volt ɗin batirin, ba mAh ba, sai ka ga 3000 ɓaro-ɓaro ka ɗauka ya fi Eneloop nesa ba kusa ba. Raba 3000mWh da 1.5 ka gani, 2000mAh ne. Shi kuma NiMH mai 2000mAh idan ka ninka da 1.2 ya ba ka 2400mWh, kenan tazarar ba ta kai yadda kwali ke nunawa ba, ballantana ɗan allon nan shi ma yana cin nasa kason. Haka batirin 18650 na manyan tociloli da fanka mai caji, na gaske daga manyan kamfanoni irin su Samsung da LG da Panasonic iyakarsa wajen 3500mAh ne, duk wanda ka ga an buga masa 9900mAh jabu ne, ɗauke shi a hannu ma za ka ji shi sakayau.

Agogon bango da rimot kuwa kada ka wahalar da kanka, alkalin mai kyau irin Duracell ko Energizer ya ishe su na dogon lokaci. Ka lura dai akwai Energizer da aka rubuta wa Lithium wanda ba a cajinsa sam, sau ɗaya ake amfani da shi, sa shi a caja haɗari ne.

Idan ka je saye, ka tafi da na'urarka da fawa banki, in litiyam mai 1.5V ne ka sa mai shago ya gwada da mita a gabanka ka ga 1.5V da idonka, ka soka caji ka ga fitilar jikinsa ta kama. A Jumia ko Konga kuma ka buɗe hoton ka karanta abin da ke jikin batirin kansa, ba sunan da mai talla ya rubuta a sama ba. Kada ka bar shi a mota cikin rana ko ka zuba shi aljihu ɗaya da makulli, wanda ya kumbura kuma ka daina cajinsa nan take. Masu tafiya gida ta jirgi su sa shi a jakar hannu, ba a yarda da batirin litiyam da ba ya cikin na'ura a akwatin da ake aunawa ba. Kawu dai na saya masa wata rediyon da NiMH guda huɗu da cajarsu, biyu a ciki biyu a ajiye.