Tsohon Bututu Ko Sabon Layi? Amsa Ga Hajiya

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce za ki ɗauke kicin daga gaban gidanki na unguwar Mamobi a Accra ki mai da shi baya, tazarar mita 8, kina tambaya ko a haɗa ruwan wanke-wanke da tsohon bututu ko a ja sabo.

Kafin a zo maganar kuɗi, a auna gangare. Bututun kicin yana son ya riƙa sauka kamar santimita 2.5 a kowace mita, wato a mita 8 ɗin nan sai ya sauka santimita 20. Idan bakin tsohon bututun bai kai wannan zurfin ba, magana ta ƙare, kada mai aikin famfo ya ce miki "zai tafi haka".

Ko da ya kai, haɗin yana da tsadar da ba a gani da farko. Za a fasa tayil da daɓe ta cikin ɗakuna a binne bututu a ƙasa. In kuma tsohon inci 1.5 ne, ya yi wa wannan doguwar tafiya ƙanƙanta. Manja da kitsen miya suna hucewa a hanya su daskare, guntun banku da shinkafa su manne a kai. Ranar da ya toshe, tayil ɗin da kika saya da guminki shi za a sake fasawa. Wannan ne yake ba ni tausayi.

Sabon layi ya fi cin bututu da haƙa, amma komai yana waje. A sa bututun roba na PVC inci 2, ya huda bango ya fita kai tsaye, a yi ƙaramin akwatin tare maiƙo a bakin fita, da cemba, wato ƙaramin ramin dubawa mai murfi, a duk inda bututun ya lanƙwasa. In ya toshe, murfi kawai za a ɗaga. Ni shi na zaɓa miki.

Sai inda ruwan zai zuba. Sokawe, wato ramin da ƙasa ke shanye ruwan a cikinsa, yana son nisan mita 5 daga tushen gini, kuma kin san yadda gidajenmu suke a matse. In gwata za a kai shi, bakin bututun ya zauna can sama. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ya san yadda gwatocin Accra suke cika, ruwa ya biyo bututu ya dawo cikin gida.

Kar a manta da lanƙwasar nan ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke mai riƙe ruwa, ita ke tare wari da kyankyasai. Kuma ki tsaya da kanki a zuba bokiti biyu, ki ga ruwan ya wuce sarai kafin a rufe da siminti.