Gargaɗi ga masu gyaran motocin gudu a gida: a yi hattara da mai tallan inji da turbo da sunan kayan Beljiyam

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa masu sha'awar motocin gudu a Garwa da Marwa da Ngaundere da ke arewacin Kamaru, har zuwa Kusuri da Injamena, musamman waɗanda suke kwance motocinsu da hannunsu a ƙarƙashin rumfar gida, suna tara kuɗi kaɗan-kaɗan domin su sayi inji ko turbo, wato na'urar da take cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, ko fatar birki mai kyau. Akwai wani mutum da ya shigo zaurukanmu na WhatsApp da Facebook yana cewa shi dillalin kayan gyara ne a Duwala, yana da shago a unguwar Camp Yabassi, kuma kwantena tana zo masa daga Beljiyam da Sharja. Ya karɓi kuɗin mutane da dama, wasu bai aiko musu da komai ba, wasu kuma ya aiko musu da abin da gara a ce bai zo ba. Ba zan ambaci sunan da yake amfani da shi ba, domin yana sauya suna da lambar waya, kuma akwai alamar cewa katin shaidar da yake turawa na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin da ba ya sauyawa shi ne salon damfarar, shi zan bayyana.

Mai Corolla ko Hilux ba ya shan wahalar da muke sha, domin duk kasuwar da ya shiga zai sami abin da yake nema, ya riƙe shi a hannu, ya gwada shi da tsohon kafin ya biya. Mai BMW E36 ko E46, ko Golf GTI mai injin 1.8T, ko Subaru Impreza, sau da yawa sai ya aika kudu, alhali tsakanin Garwa da Duwala akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000. Wannan nisa shi ne jarin mutumin nan. Ya san ba kowa ne zai bar aikinsa ya sauka Ngaundere ya hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, daga can ya nemi motar Duwala, saboda turbo guda ɗaya ba.

Ba ya fara da neman kuɗi mai yawa. Da farko yakan shiga hira a zaure kamar kowa, ya ba da shawara a kan zafin inji ko ƙarar giya, kuma gaskiya ya san mota, ba a raina shi a wannan fage. Daga nan sai ya yi tayin ƙananan kaya: matatar baƙin mai, bel, buji, robar shokozoba. Waɗannan yakan aiko su a motar safa cikin lokaci, na asali, a farashi mai sauƙi, har da kiran waya yana tambaya, “Alhaji, kaya sun iso lafiya?” Wanda ya karɓa zai koma zaure ya yaba masa da zuciya ɗaya, yabon nan kuma shi ne abin da yake saye da 'yar asarar da ya yi. Dusa ce irin wadda masunta suke watsawa a Binuwai kafin su jefa taru. Ina roƙon duk wanda ya taɓa yi masa shaida a zaure ya koma ya janye maganarsa a fili, domin har yanzu yana tura hotunan waɗannan saƙonni ga sababbin mutane.

Bayan ya sami shiga sai ya fito da babban kaya. Wani matashi da muke gyara tare, wanda ya daɗe yana son ya sa wa tsohuwar motarsa injin Toyota 2JZ-GTE, irin na Supra da aka ƙera daga 1993 zuwa 2002, ya ga bidiyon inji a kan katako, an wanke shi fes, ana zagaya shi da waya. Aka ce masa mutum biyu suna layi, idan yana so ya tura rabin kuɗi kafin alƙalami a daren nan. Ya tura. Abin da aka sauke masa a tasha bayan dogon jira 2JZ ne, amma 2JZ-GE, wanda ba shi da turbo, irin wanda yake cikin Lexus GS300 da IS300. Na je na duba shi da idona. Bututun shigar iska ya haye ta saman murfin inji kamar yadda yake a GE, an ɗaura masa wani turbo da ba shi da suna a gefe, kuma da muka buɗe murfin baƙin mai sai ga wani farin kumfa mai kauri ya manne a ciki, alamar ruwa ya daɗe yana haɗuwa da mai. An fesa wa jikin injin fenti har kan ƙusoshi da wayoyi, don a rufe inda yake yoyo.

Ga wanda zai ce ai duk 2JZ ne, bambancin ba ƙarami ba ne. An ƙera GTE da matsin silinda 8.5 domin ya ɗauki iskar turbo, kuma yana da ƙananan bututu da suke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi. GE matsinsa ya kai 10 ko ya ɗan wuce. Ana iya sa masa turbo, masana suna yi, amma sai an sake saita kwamfutar inji, an ƙara ƙarfin famfon mai, an kula da sanyaya iska. Idan aka ɗaura kawai aka tayar, a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da yake wuce digiri 40, ga kuma man zuwa-zuwa, wato fetur na fasa-ƙwauri, da mafi yawanmu muke sha a bakin titi ba tare da sanin ingancinsa ba, man zai riƙa fashewa a silinda kafin lokacinsa, fistin kuma ba ya jure wannan na dogon lokaci. Wato ko da injin nan lafiyayye ne, wanda ya sayar da shi da sunan GTE ya miƙa wa yaron abin da zai lalace a hannunsa, sannan a ce laifin mai ɗaurawa ne.

Masu BMW ma bai bar su ba. Yana tallan inji yana cewa daga M3, wato samfurin gudu na BMW, aka cire shi, har ya nuna hoton mota mai tambarin M a bayanta. Tambari kowa yana iya manna shi. Lambar shasi tana da haruffa da lambobi 17, ta BMW ta yau da kullum tana farawa da WBA, ta M3 kuwa da WBS. Ku nemi lambar motar da aka cire injin daga cikinta, ku nemi hoton lambar da aka buga a jikin injin kansa. Injin M3 na E46, wato S54 mai lita 3.2, yana da maƙogwaron iska shida, ɗaya ga kowace silinda, M54 da ake samu a E46 na yau da kullum kuwa guda ɗaya ne da shi, kuma wannan abu ne da ido yake gani a hoto mai kyau. Idan aka tambaye shi waɗannan sai ya ce yaron shago ya tafi da mabuɗi, ko hasken sito ba shi da kyau, ko ya nuna ɓacin rai cewa bayan duk amanar da ke tsakani ana zarginsa.

A kan turbo, abin da ya fi yi shi ne ya sayar wa masu Golf da K03, wanda shi ne ƙaramin da motar take zuwa da shi, da sunan K04, ko ya kawo na jabu da aka manna wa farantin suna. Turbo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, don haka ƙaramin aibi a cikinsa ba ƙarami ba ne. Wanda aka kawo wa turbo ya kama sandar tsakiya da yatsu biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne muddin fuka-fukan ba sa taɓa bango, amma idan sandar tana shiga tana fita, ko bakin fuka-fukan ya gutsure, ko akwai baƙin mai kwance a bututun fitar iska, kada ya ɗaura shi. Gutsuren fiffike ɗaya idan ya bi iska ya shiga silinda, an tashi daga maganar turbo an koma maganar inji gaba ɗaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fatar birki. Asarar kuɗin inji ana mayar da ita, amma wanda ya sa fatar birki ta jabu ya kama gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundere da Garwa, inda birki yake ɗaukar zafi mai tsanani, yana ɗauke da ransa da na iyalinsa da na masu babur da ke gabansa. An nuna mini saiti ɗaya da ya aiko a kwali mai sunan wani sanannen kamfani. Rubutun kwalin ya dushe, bayan fatar ba shi da alamar ECE R90 da ake bugawa a kan fatar birki da aka amince da ita a Turai, kuma da aka sa bakin sukudireba a gefe aka ɗan danna, sai fatar ta fara rabuwa da ƙarfenta. Duk wanda ya sayi fatar birki ko tiyon birki daga hannunsa, ko da a cikin kayan farko ne da suka zo da kyau, ya cire taya ya duba yau, kada ya jira ranar hutu.

Waɗanda ba a aiko musu da komai ba, hanyarsu ɗaya ce. Bayan kafin alƙalami sai a ce kwantena ta iso amma duwan, wato jami'an kwastam, sun riƙe ta, a ƙaro kaza. Bayan wannan sai kuɗin ajiya a tashar jirgin ruwa, sai kuɗin mai fitar da kaya, sai kuɗin lodi. Kowane kuɗi ana neman sa ta waya, kuma sau da yawa sunan da yake fitowa a kan lambar ba shi ne na jiya ba, sai ya ce ta matarsa ce ko ta yaronsa. Mutum yana ganin ya riga ya zuba da yawa, sai ya ƙara don kada na farko ya salwanta. Kwantena kuwa tana da lamba, haruffa 4 da lambobi 7, kuma ana iya duba inda take a shafin kamfanin jirgin da ya ɗauko ta. Ɗan kasuwar da yake da kaya a teku ba ya jin nauyin ba da wannan lamba. Kuɗin duwan kuma nauyin mai shigo da kaya ne, ya kamata ya riga ya sa shi a farashi tun ranar ciniki.

Ba ina cewa a daina sayayya daga Duwala ba ne. Akwai 'yan kasuwa masu amana a can, da su muke rayar da motocin nan tun da daɗewa, kuma wannan mutum sunansu yake ɓatawa. Amma babban kaya ba a biyan sa sai an gani. Kusan kowannenmu yana da ɗan'uwa ko direban babbar mota ko abokin kasuwanci a Duwala, a roƙe shi ya taka har shagon, ya kira ta bidiyo yana tsaye a gaban injin, a juya injin da sifana a ga yana juyawa, a cire buji a duba, in da hali a auna matsin kowace silinda, kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100. A rubuta rasit mai ɗauke da lambar inji da sunan shago da sharaɗin mayarwa. Idan mai kaya ya ce ba zai jira a aiko wakili ba domin wani yana layi, a bar wa wancan.

Ga waɗanda abin ya riga ya shafa, na san kunya ce take hana magana, musamman ga wanda ake ganin ya san mota. Shirun nan shi yake ba mutumin damar komawa wani zaure da sabon suna. Kada ku goge hirarku da shi, ku adana saƙonnin murya da hotuna da lambar kowace tura kuɗi, ku sanar da kamfanin wayar da kuka tura ta hanyarsa, sannan ku kai ƙara a rubuce ofishin jandarma ko na 'yan sanda. A Kamaru sashe na 318 na kundin hukunta laifuka ya tanadi hukuncin zamba da cin amana, akwai kuma dokar watan Disamba 2010 a kan laifukan intanet, da ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, da take karɓar irin waɗannan koke-koke. Ƙarar mutum biyar da suka haɗa hujjojinsu ta fi ta mutum ɗaya nauyi, don haka ku nemi juna. 'Yan'uwanmu na Cadi su kai tasu ga hukumomin can, su kuma aiko wa na wannan ɓangare da kwafin lambobin da aka karɓi kuɗinsu da su, domin a gane ko hannu ɗaya ne.

Akwai kuma wani kira da yake biyo baya. Bayan mutum ya yi kuka a zaure, sai wani ya kira shi ya ce shi jami'i ne, an kama ɗan damfarar, amma sai an tura kuɗin buɗe fayil ko na man mota kafin a dawo masa da haƙƙinsa. Kada a tura ko sisi. Duk wanda ya kira da wannan magana, a tambaye shi ofishin da yake, a je can da ƙafa tare da shaida, a kuma ƙara lambar da ya kira da ita a cikin takardar ƙara.